Safar Malam Bawa

Tun da aka kafa dokar fitila, ba mai taɓa tsohon littafi sai da safar hannu. Fitilar tana nuna shatin yatsun duk wanda ya taɓa shafi, kuma wanda yatsansa ya fito yana da rabo a littafin.

Da hantsi Inna Lantana ta zaro littafin addu'o'in gidansu daga gafaka, littafi mai zayyanar ja da ruwan ɗorawa. Maƙwabcinta Malam Bawa, wanda kakansa ya yi zayyanar kafin littafin ya bar gidansu ya koma gidan su Inna, ya zo gani da safa har gwiwar hannu.

Ta kunna fitilar. Yatsu suka fito birjik a gefen shafin: na marini mai shuɗin baba, na mace mai lalle, da wani ɗan mitsitsi da ya dangwali jar tawada tun ba ta bushe ba. Na jikokinta kuwa ko ɗaya babu.

"Malam, cire safar nan," ta ce.

"Inna, 'ya'yanki za su kai ni ƙara."

"Su kai ni! Duk mutanen nan sun taɓa, littafin bai ragu ba. Sai a hannuna zai zama maraya?"

Ya cire a hankali. Yatsansa ya sauka kusa da ɗan mitsitsin nan.

"Wannan na babana ne," ya ce. "Har ya rasu yana ba mu labarin dukan da ya sha a kansa."