Wadda Ta Shiga Na'urar

"Ƙari ne, Maman 'Yan Biyu," in ji likita, yatsansa kan wani farin dunƙule a hoton ƙwaƙwalwar. "A aske kan yau, gobe tiyata."

Uwar ta rungumo ƙaramar, wadda wata biyu ke nan ciwon kai ya hana ta sakat. Babbar kuwa lafiyarta garau, tana ta tsalle-tsalle a baranda.

Jin zancen aski, ƙaramar ta fashe da kuka.

"Mama, kar ki dake mu. Na'urar ɗaukar hoton ce ta tsorata ni. Kina fita muka yi musayar riga, irin ta ranar allura. Yaya ce ta shiga."

Uwar ta kasa kunne. Tsallen baranda ya ɗauke ɗif.