Wa Ke Baƙanta Shayin Mai Sito?

Ga ta nan, ga ta nanku. To, ta ƙaraso mu ji da me ta zo.

Ranar da shayin mai sito ya fara yin duhu a bakin kofi, bai ce wa kowa uffan ba. Ya zubar, ya zuba wani. Shi ma kurɓa biyu ya yi, sai ga gefen da leɓensa ya taɓa ya yi baƙi kamar tawada.

Shekararsa goma sha ɗaya yana riƙe da ɗakin ajiyar wata masana'antar rini. A ƙuryar ɗakin ake jibge buhunan salfet na ƙarfe, wanda ma'aikata ke kira koren gishiri. Da shi ake kama launi a jikin yadi, in kuma ya haɗu da ruwan shayi baƙi yake mayar da shi. Ƙurarsa tana sa tari, tana cin fata, in ta faɗa ido sai an yi ta kwarara ruwa. In kuwa ya shiga ciki, hanji ne ke ji a jikinsa.

Ba wanda ya kai mai sito kiyaye doka. Ba ka taka ɗakin nan ba takunkumi da tabarau da safar hannu. Ba a cin abinci a ciki, ba a shara sai an yayyafa ruwa. Makullan kuwa a hannunsa na hagu suke wuni. Ma'aikata har cewa suke da su aka haife shi.

A watan da abin ya soma, abu biyu ne suka canja. An kawo sababbin safar hannu na roba, masu kama hannu kamar fatar mutum. An kuma ba shi mataimaki, mijin ƙanwarsa, wanda shi da kansa ya nema wa aikin.

Mataimakin mutum ne mai fara'a, kuma shi ke dafa shayin hantsi a kan benci a ƙofar sito.

"Yaya, ka ajiye makullan nan ka sha a natse mana. Ba za su gudu ba."

Mai sito ya gyaɗa kai kawai. Amma maganar ta zauna masa. Me ya dami yaron nan da makullai?

Bayan mako uku, ciki ya fara murɗa masa. Bakinsa kullum ɗanɗanon tsatsa. Haƙoransa na gaba suka dushe. Ya je asibiti, likita ya gwada, ya ce masa, "Malam, gishirin nan na wurin aikinku yana shiga cikinka, kuma ta baki yake shiga. Kaɗan-kaɗan ne, amma kullum. In ba a toshe hanyar ba, zai yi maka illa."

Ta baki. Shi da ko goro ba ya ci a sito.

Daga nan ya sa ido. Ya lura shayin kowa ja ne wur, nasa kaɗai ke baƙi. Ya sayo sabon kofi, bai hana ba. Ya zo da nasa sukari daga gida, bai hana ba. Sannan ya gano wani abu da ya ƙara tsinka masa zuciya: duk safar da ya ɗauka, kwana biyu sai ya ga 'yan huji a kan yatsun dama, kamar ɓera ya ɗanɗana. Na sauran ma'aikata lafiya lau. Wato har kayan kariyarsa ake bi ana hudawa.

Wa ke da hanyar shiga sito ban da shi, in ba mataimakinsa ba? Wa zai gaji makullan in ya kwanta?

Ƙanwarsa ta zo duba shi da kwanon abinci. Ya ce ya ƙoshi. Ta ajiye kwanon.

"Yaya, ko mun yi maka wani laifi ne?"

"Ki je gida, auta. In ta yi wari kya ji."

Ranar Litinin ya yanke shawara. Ya fito daga auna gishiri, ya zauna ya yi kurɓa biyu, ya ga baƙin ya fito. Ya mayar da safarsa, don ba zai riƙe guba da hannu tsirara ba, ya ja takunkumi, ya koma ya rufe buhun da ya buɗe, ya ɗauki kofin ya nufi ofishin manaja.

Aka kira mataimaki. Da ya ji abin da ake tuhumarsa da shi, sai ya jingina da bango.

"Ni, Yaya? Kai fa ka karɓi sadakin matata. Kai ka raɗa wa ɗana suna."

Mai sito bai dube shi ba.

Manaja ya rubuta ƙarar a takarda, ya ce, "Ka yi tunani. Kana sa hannu, aikinsa ya ƙare, kuma 'yan sanda zan kira. Maganar guba ba a kashe ta a ofis."

"Na yi tunani, ranka ya daɗe. Wata guda ina yi."

Manaja ya tura masa takardar, ya miƙa masa biro. Mai sito ya ajiye kofin a kan tebur. Hagunsa na riƙe da makullai. Sai ya sauke takunkumi zuwa haɓa, ya kai yatsun damansa baki, koren gari fal a kansu, ya ciji robar ya zare safar da haƙora, kamar yadda yake yi sau goma a kowace rana tun da aka kawo sababbin safar nan. Nan take ɗanɗanon tsatsan nan ya cika masa baki.

Ƙurunƙus, kan kusu ya ishe mu nan.