Mai Ƙwanƙwasa Tumbin Kumbo

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da ƙarfe tara da minti ashirin na safe, aka naɗa sabon shugaba a wata ma'aikatar kumbo, a wata ƙasa da ba sai an ambaci sunanta ba. Kumbon nasu irin mai zuwa sama ya dawo ne, ya sauka a kan tayoyinsa, a gyara shi, a sake tura shi da mutane. Wahalar irin wannan kumbo tana wajen dawowa. In ya faɗo cikin iska da gudun nan nasa, zafin da tumbinsa ke ɗauka ya isa ya narkar da ƙarfe. Saboda haka aka lulluɓe tumbin da tayil na gasasshiyar ƙasa, guda dubu ashirin da huɗu da ɗari uku, kowane da lambarsa da siffarsa, babu mai shiga gurbin wani. In guda ya ɓalle a sama, wuta ta samu ƙofa ke nan, ga kuma mutum uku a ciki.

Akwai wani tsoho a ma'aikatar wanda uwarsa maginiyar tukwane ce. Tun yana ƙarami ya ga yadda mata ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin su saya: mai lafiya ta amsa da zaƙin murya, mai tsagewa ta amsa kamar mai mura. Aikinsa ke nan. Duk dawowar kumbo sai ya kwanta rigingine a ƙarƙashinsa da 'yar gudumar katako wadda ba ta fi cokali ba, yana bin tayil ɗaya bayan ɗaya, ɗari uku a yini. Kwana tamanin da ɗaya. Shekara goma sha tara yana yi, wuyansa ya sage, mutanensa kuma kullum sun dawo gida.

Shi kuwa sabon shugaba, kamfanin motocin safa ya baro, inda ya yi suna da cewa motarsa ba ta kwana a tasha. Ya tarar da tsoho a kwance yana ƙas-ƙas, ya sunkuya ya ce, "Baba, aiki ake yi a nan ko koyon kalangu?"

"Ranka ya daɗe, saura kwana saba'in da biyu."

"Saura tara. Motar da ta sauke fasinja juyawa take yi. In ta tsaya ta zama rumfa."

Ya zagaya kumbo, ya shuri tayar gaba da takalminsa, ya ji ta da iska, ya ce lafiya ƙalau. Ya sa aka wanke tumbin da tiyo har ya yi ƙyalli, aka aika wa manyan baƙi katin gayyata. Tsoho kuma aka mai da shi jera kujeru.

Kwana tara ɗin nan tsoho yana ta tunanin kumbon. Ya san mutum ukun da za su hau. Matuƙiyar kumbon ma, ɗaya daga cikinsu, kullum ta wuce sai ta leƙo ƙarƙashi ta ce, "Baba, ya wuya?" Ya jera kujera ɗari huɗu, layi-layi, gudumarsa na aljihu.

Ranar tashi, 'yan badujala na kiɗa, aka jawo kumbo a hankali daga rumfarsa zuwa wurin harbawa, ta gaban baƙi. Da kumbon ya zo daidai tsoho, sai tsoho ya ga ƙafafunsa sun tafi da shi. Ya ratsa masu gadi, ya shiga ƙarƙashi, ya ɗaga guduma ya taɓa tayil na farko da hannunsa ya kai. Ya amsa kamar mai mura, sa'annan ya faɗo masa a tafi. Na kusa da shi ya biyo baya, ba a ma taɓa shi ba. Tsoho ya ci gaba da tafiya yana ƙwanƙwasawa yana ƙidaya, shugaba na binsa da ihu. Tsoho ya tsaya da waɗanda suka faɗo suka kai ɗari biyu da goma sha bakwai.

Baƙi suka ɗauka rabon tsaraba ake yi. Kafin a ankara sun tsince tayil tas, matar wani babban mutum ta zuba huɗu a jaka, ta ce za su yi kyau wajen ɗora tukunya mai zafi. Matuƙiya ta sauko ta dubi tumbin, ya yi giɓi-giɓi kamar bakin tsohuwa. Can ta cire hular tafiyarta, ta kife ta a ƙasa, ta zauna a kai.

Tsoho bai yi dariya ba, bai kuma ce ai na faɗa ba. Lissafi yake yi. Sai an bi baƙi gida-gida, abin da bai dawo ba a gasa sabo daidai gurbinsa, sa'annan a fara ƙwanƙwasa daga lamba ɗaya. Wata goma sha ɗaya aka yi kafin kumbon ya sake tashi, kuma mutum ukun sun dawo.

A ranar da aka fasa tashin dai, da azahar ta yi, shugaba ya shiga motar wani baƙo, ba a sake ganinsa ba. Waɗanda suka rage a filin su ne: matuƙiya a kan hularta, abokan tafiyarta biyu, suna cin shinkafar baƙi, mai babbar ganga, wanda ba a gaya wa an fasa ba, kujera ɗari huɗu, da tsoho, kwance rigingine, bai jira ba, ya faro daga lamba ɗaya, ya kai tayil na arba'in da shida.

Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.