Mutumin da Ya Riƙe Shafukan Ƙwaƙwalwa Shi Kaɗai

Tunda ka ce aikin nan ba mai iya shi sai kai, zauna ka ji labarin wani mai rubuta manhaja. A kamfaninsu shi ke kula da zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wurin da ake yanka ƙwaƙwalwar na'ura gunduwa-gunduwa, ana kiran kowane yanki shafi, a ba wannan aiki nasa, a karɓe idan ya gama. Shekara tara yana ƙari a kai. Ƙaramin shafi da hanyarsa, babba da tasa, wanda aiki biyu suka yi tarayya a kansa shi ma da tasa, har hanyoyin suka sarƙe kamar saiwar gamji. Duk wanda aka haɗa shi da shi, sati biyu zai yi ya nemi canjin wuri. Tun abin yana masa daɗi, har ya wayi gari ba mai leƙo ofishinsa sai in wani abu ya lalace. Abincin rana ma a gaban allon kwamfuta yake cinsa.

Ran nan aka bugo masa waya cewa yayansa na kwance a asibiti a Gusau, yana ta kiran sunansa. Ya riga ya zauna a mota a tasha sai ga kira daga ofis: na'urori sun tsaya, an rasa mai gane bakin zaren. Ya sauko da jakarsa ya koma. Kwana biyu ya yi yana gyara, da ya isa Gusau ya tarar an dawo daga maƙabarta. Bayan sadakar bakwai ya koma bakin aiki, bai yi wa kowa ƙorafi ba. Wata takwas ya shafe yana goge abin da ya rubuta da hannunsa, yana sake rubuta shi a sauƙaƙe, har kowane irin shafi ya zama ta ƙofa ɗaya yake shiga, ta ita yake fita. Sannan ya kira wata abokiyar aikinsa ya nuna mata. Ta karanta kafin la'asar, ta ɗago kai ta ce, “Malam, ai wannan ko ba ka nan za mu iya.” Ya gyaɗa kai, ya fita waje ya daɗe tsaye a gindin darbejiya.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.