Ranar da Inna Ta Kama Sunan Hansatu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don Hansatu ba ta son a yi da ita.

Tun da jami'a ta tattara muryoyin tsofaffi ta koya wa na'urarta magana, da su ake kiran layi a asibiti. Ranar da Hansatu ta kai ɗanta allura, sai ta ji muryar Inna, mahaifiyarta wadda ta rasu bara, ta ce, "Hansatu Bawa, shigo."

Hansatu ce 'yar fari, kuma har Inna ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunanta ba.

Ta je wurin Farfesa Ilu, shugaban aikin. "Ranka ya daɗe, a cire muryar nan. Kun sa ta rashin kunya tana kabarinta."

Ya yi dariya. "Haba baiwar Allah, wa ke wannan yanzu? Ni ma ɗan fari ne. In aiki kike so, ga rikoda, muna neman ƙarin muryoyi."

Ta karɓa da hannu biyu.

Washegari da safe ta yi sallama a gidan tsohuwarsa, wadda ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba, ta durƙusa, ta kunna rikodar.

"Hajiya, Farfesa ne ya aiko ni. Ya ce ki yi ta magana."