Gidan Tsutsar Tsamiya

Sagir leburan masana'antar fata ne a Challawa. Albashinsa ba ya kai su tsakiyar wata, don haka rabin tukunyar gidan daga mazarin mahaifiyarsa, Inna Badi'a, take fitowa. Zaren tsamiya take kaɗawa, wanda masu aikin babbar riga ke rububinsa.

A bayan katangar masana'antar akwai tsofaffin bishiyoyin tsamiya. Da damina wasu tsutsotsi ke cin ganyensu, in sun ƙoshi su haɗu su saƙa gida guda kamar jaka, su kwanta a ciki duk rani. Ruwa na sauka sai su huda gidan su fito da fukafukai, sun zama faɗa-wuta, su yi ƙwai a ganye. Wannan gidan da suka bari shi Inna ke dafawa da toka ta kaɗa zare.

Dokarta ɗaya ce: ba a cire gidan da bai huje ba.

Wata rana da rani wani ɗan kasuwa ya zo bakin ƙofar masana'anta da sikeli, yana sayen gidan tsutsa da awo. Sagir ya ɗaga hujajje ya ji shi sakayau, ya ɗaga mai tsutsa a ciki ya ji nauyi. Nan take idonsa ya rufe. Da ya koma gida ya gaya wa Inna zai cire masu tsutsar ya sayar.

"Kai ɗan nan, akwai rai a ciki," in ji Inna. "Su ne iyayen na baɗi. Ka bari su tashi tukuna."

"Haba Inna, tsutsa ce fa! In ban cire ba wani zai riga ni."

Ya yi kunnen uwar shegu da ita. Kullum ya tashi daga aiki sai ya ɗauki gora ya bi bishiyoyin, har sai da bai bar ko ɗaya ba. Da kuɗin da ɗan kasuwar ya biya shi ya sayi sabuwar waya, abokan aiki suna ta ce masa Alhaji.

Damina ta zo, tsamiya ta yi ganye shar, amma babu tsutsa ko ta magani. Aka sake wata daminar, shiru. Ɗan kasuwar kuwa tuni ya nufi wani gari da sikelinsa.

Ana cikin haka masana'anta ta rage ma'aikata, har da Sagir. Gida ya zama babu albashi, babu zare.

Yanzu kullum da safe Inna Badi'a, da furfurarta, takan hau mota zuwa Sharada, inda take wankin tsofaffin ledoji a kamfanin narka roba. Ruwan ya cinye mata yatsu. Ranar da Sagir ya ga ta kasa ɗaura zaninta da kanta, sai ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Jama'a, duk abin da muke ci daga gare shi, mu bar masa irin da zai sake haihuwa. Kwaɗayin mutum ɗaya kan yanke abincin gida guda, kuma sau da yawa wanda ya yi gargaɗin ne ke fara shan wahalar.