Littafin Ƙusoshi Tara

Ni faci nake yi a bakin tashar Aliero, ban iya zance ba. Da na ji Malam Lukman ya aiko wa Shafa'atu wasiƙa shafi huɗu, kuma gobe kawunta zai tambaye ta wanda take so, sai na ɗauki nawa littafin na nufi zaurensu bayan la'asar.

Tana karɓa hannunta ya yi ƙasa.

"Kamalu, littafi ne ko dutsen guga?"

Bangon na tsohuwar taya ne, shafukan na kwali, babu rubutu. A kowane shafi na manna ƙusa ɗaya da sholisho, cikin waɗanda na cire daga tayar babur ɗinta.

"Wagga ta hanyar Karaye ce, wagga ta kasuwar albasa," na ce. "In kin yarda, ni zan ci gaba da cire miki su har in mutu."

Ta shiga juya kwali. A shafi na bakwai ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Na miƙa hannu in karɓi abina in tafi.

Ta riƙe gam.

"Wagga ba a hanya na taka ta ba. Ni na buga ta da taɓarya, don na kwana goma ban gan ka ba. Ta takwas da ta tara ma haka."

"Shi ya sa suka shiga a miƙe," na ce.

"Je ka wanke hannu ka zo ka gaida Kawu."